Damuwa Mai Daɗewa: Yadda Take Cin Jiki da Hanyoyin Rage Nauyinta

Daga cikin ƙorafe-ƙorafen da aka fi kaiwa asibitocin sha-ka-tafi akwai ciwon kai da ba ya jin magani, da faɗuwar gaba, da rashin barci, da kasala, da zafin ƙirji, da ciwon jiki wanda mai shi ba ya iya nuna takamaiman inda yake, kuma sau da yawa bayan an auna jini an duba fitsari sai a tarar babu zazzaɓin cizon sauro, babu taifod, babu wata ƙwayar cuta da za a ɗora wa alhaki. A irin wannan hali ne ake jin ma'aikacin lafiya yana ce wa majiyyaci ya rage tunani, maganar da mutane da yawa ke ɗauka sallama ce kawai daga wanda ya rasa abin faɗa. Sai dai binciken da masana suka shafe fiye da shekara 100 suna yi ya nuna cewa damuwar da ta daɗe tana da hanyoyi sanannu da take bi ta taɓa zuciya da jijiyoyin jini da garkuwar jiki da hanji da ƙwaƙwalwa, kuma sanin waɗannan hanyoyi ne ke bai wa mutum damar tare ta tun kafin ta yi masa ɓarna.

Abin da likitoci ke nufi da damuwa

A wajen likitoci, damuwa ita ce shirin da jiki da ƙwaƙwalwa ke yi duk lokacin da mutum ya fuskanci wata barazana ko wata buƙata da yake ganin ta fi ƙarfin abin da ke hannunsa. Masanin aikin gaɓoɓin jiki ɗan Amurka Walter Cannon, na Jami'ar Harvard, shi ne a shekarar 1915 ya bayyana yadda tsoro da fushi ke sa jikin dabba ko mutum ya ɗaura damarar faɗa ko gudu. Bayan shekara 21, wato a 1936, wani likita mai suna Hans Selye, wanda aka haifa a Biyana ya yi aiki a birnin Montreal na Kanada, ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi a kan ɓeraye, inda ya lura cewa ko da wane irin wahala aka gwada musu, sanyi ne ko rauni ko guba ko gajiyarwa, sauye-sauye iri ɗaya ne ke bayyana a jikinsu: gaɓoɓin da ke saman ƙoda sun kumbura, sassan da ke samar da garkuwar jiki sun tsuke, gyambo kuma ya fito a tumbi. Daga nan ya raba lamarin zuwa matakai uku, na faɗakarwa, da na jurewa, da na ƙarewar ƙarfi, kuma wannan rabo ne har yau ke taimakawa wajen bambance damuwar ɗan lokaci, wadda ke zuwa ta wuce, da damuwa mai daɗewa, wadda ke zama tare da mutum makonni ko watanni ko shekaru.

Damuwar ɗan lokaci ba cuta ba ce, hasali ma da ita ake tsira. Ita ce ke sa direba ya taka birki kafin ya gama tunani, ita ce ke sa ɗalibi ya tattara hankalinsa a ɗakin jarrabawa. Matsalar tana farawa ne idan abin da ya tayar da ita ya ƙi gushewa, kamar bashin da ba a ga ranar biyansa ba, ko zaman aure da babu kwanciyar hankali, ko jinyar ɗan'uwa da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, ko zama a garin da ake kwana da fargabar hari.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

Idan ido ya ga haɗari, ko kunne ya ji shi, ko kuma zuciya ta raya shi kawai, wani ɗan sashe a cikin ƙwaƙwalwa mai suna amigdala, wanda aikinsa gano abin tsoro, yakan aika saƙo ga haifotalamus, sashen da ke kula da zafin jiki da yunwa da ƙishirwa da barci. Daga nan saƙon ke rabuwa hanya biyu. Hanya ta farko ta jijiyoyi ce, mai saurin gaske, kuma ita ke sa gaɓoɓin adirenal, waɗansu ƙananan gaɓoɓi biyu da ke zaune a saman kowace ƙoda, su saki sinadarin adirenalin a cikin jini. Cikin daƙiƙoƙi zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sauri, jini ya hau, a karkatar da shi daga fata da hanji zuwa manyan tsokoki, baki ya bushe, gumi ya keto. Hanya ta biyu ta sinadarai ce, tana ɗaukar mintuna, inda haifotalamus ke umartar fituwitari, wata gaɓa mai girman ƙwayar wake da ke ƙasan ƙwaƙwalwa, ita kuma ta umarci adirenal ta saki sinadarin kotizol.

Kotizol yana sa hanta ta zuba suga a cikin jini domin tsokoki da ƙwaƙwalwa su sami makamashi, yana kuma dakatar da ayyukan da za su iya jira, irin su narkar da abinci da gyaran nama da sha'awar iyali. A jiki mai lafiya yawansa yana bin agogo: yana kaiwa ƙololuwa da safe jim kaɗan bayan farkawa, ya riƙa sauka har tsakar dare, kuma idan ya yi yawa shi da kansa yake sanar da ƙwaƙwalwa ta rage umarnin sakinsa. Idan haɗari ya wuce, wani ɓangaren jijiyoyi mai kula da hutu da narkar da abinci yakan karɓi ragama, babba daga cikinsu ita ce jijiyar fagus wadda ta taso daga ƙasan ƙwaƙwalwa ta ratsa wuya da ƙirji zuwa ciki, sai bugun zuciya ya lafa, komai ya koma daidai.

Wannan tsari ya dace da haɗarin da ke ƙarewa cikin mintuna, amma jiki ba ya bambance kukan kura da saƙon mai bin bashi, kuma ɗan'adam yana da wata baiwa da kan zame masa nauyi, wato yana iya tayar da wannan shiri duka ta hanyar tuna abin da ya wuce ko hango abin da bai zo ba. Misalin jikin da ke cikin damuwa mai daɗewa shi ne janareta da aka saya don cike giɓin ɗauke wuta na sa'o'i kaɗan, sai aka bar shi yana aiki dare da rana ba a kashewa: ba zai tsaya a rana ɗaya ba, amma kowane ƙarfe a cikinsa zai ci kafin lokacinsa. A shekarar 1993 masanan Amurka biyu, Bruce McEwen da Eliot Stellar, suka bayyana wannan lalacewa da ke taruwa a hankali, daga baya kuma aka nuna cewa ana iya auna ta ta hanyar duba hawan jini da suga da kitsen ciki da sinadaran damuwa a tare.

Zuciya, jini da suga

Inda hujja ta fi ƙarfi shi ne ɓangaren zuciya. Jinin da ke yawan hawa yana wahalar da bangon jijiyoyi, adirenalin yana sa jini saurin daskarewa, kumburin da ke ɓoye a cikin jijiyoyi kuma yana taimaka wa kitse ya manne ya ƙuntata hanya. A shekarar 2004 aka wallafa wani babban bincike mai suna INTERHEART, wanda ya shafi ƙasashe 52 har da waɗansu na Afirka, inda aka kwatanta mutum fiye da 11,000 da suka sami bugun zuciya karo na farko da waɗansu fiye da 13,000 da ba su samu ba, aka tarar cewa waɗanda suka ce suna cikin damuwa kullum, a gida ko a wurin aiki, haɗarinsu ya kai kimanin ninki biyu. Haka kuma Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun bayyana a 2021 cewa aikin sa'o'i 55 ko fiye a mako yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin 100, da haɗarin mutuwa ta ciwon zuciya da kashi 17 cikin 100, idan aka kwatanta da aikin sa'o'i 35 zuwa 40, suka kuma ƙiyasta cewa mutum 745,000 ne suka mutu a shekarar 2016 ta wannan dalili.

A nan akwai wata fahimta da ta yaɗu wadda ke buƙatar gyara, wato ɗaukar hawan jini a matsayin ciwon tunani kaɗai. Damuwa ɗaya ce daga cikin abubuwan da ke haddasa shi, tare da gado da yawan shekaru da ƙiba da yawan gishiri da ɗanɗano a miya da ciwon ƙoda, kuma mafi yawan masu shi ba sa jin wata alama. Saboda haka wanda likita ya ɗora a kan magani bai kamata ya daina sha ba don kawai hankalinsa ya kwanta, kamar yadda wanda ba shi da wata damuwa bai kuɓuta daga buƙatar awo ba.

Game da suga kuwa, kotizol da ya daɗe a sama yana rage jin maganar insulin, sinadarin da ke shigar da suga cikin ƙwayoyin jiki, yana ƙara sha'awar zaƙi da maiƙo, yana kuma tara kitse a tumbi, wanda shi ne kitsen da ya fi alaƙa da ciwon suga da na zuciya. Ana ganin iyakar wannan illa a jikin masu shan ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda wasunsu dangin kotizol ne, inda fuska ke kumbura, tumbi ya fito, jini da suga su hau, ƙashi ya yi rauni. Damuwa ba ta kai sinadarin ga wannan matsayi, amma ta wannan fuska take tura jiki sannu a hankali, shi ya sa masu ciwon suga da yawa ke ganin awonsu ya rikice a lokacin rashi ko rigimar iyali.

Ciki da garkuwar jiki

An daɗe ana ɗora wa damuwa alhakin gyambon ciki, har zuwa farkon shekarun 1980 lokacin da likitoci biyu 'yan Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano cewa wata ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori ce ke haddasa mafi yawansa, aikin da ya sa aka ba su lambar Nobel a 2005. Babban dalili na biyu shi ne yawan shan magungunan kashe ciwo irin su asfirin da ibuprofen da diclofenac. Duk da haka damuwa tana tsananta zafin ƙirji da kumburin ciki da gudawa ko taurin bayan gida, domin hanji yana da tarin jijiyoyi da ke musayar saƙo da ƙwaƙwalwa, kuma mai damuwa da ke fama da ciwon kai shi ne ya fi yawan haɗiyar waɗannan magunguna ba tare da abinci ba.

A ɓangaren garkuwar jiki, gwajin da Sheldon Cohen da abokan aikinsa suka wallafa a 1991 ya zama abin misali. Sun tambayi masu sa-kai 394 a Ingila game da damuwar da suke ciki, sannan suka ɗiga musu ƙwayar cutar mura a hanci suka killace su, sai aka ga cewa a cikin masu ƙarancin damuwa kimanin kashi 27 cikin 100 ne suka kamu, a cikin masu yawanta kuwa kimanin kashi 47. A 1995 Janice Kiecolt-Glaser ta Jami'ar Jihar Ohio ta nuna cewa ɗan ƙaramin rauni da aka yi a hannun mata masu jinyar danginsu da ke da ciwon mantuwar tsufa ya ɗauki kusan kwana 49 kafin ya warke, alhali na takwarorinsu da ba sa jinya ya warke cikin kimanin kwana 39. Abin da masana suka fahimta shi ne, idan kotizol ya daɗe yana yawo, ƙwayoyin garkuwa sukan daina saurarensa, sai kariyar jiki daga cututtuka ta ragu a daidai lokacin da wani ɓoyayyen kumburi ke ci gaba da ruruwa.

Ƙwaƙwalwa da barci

Sashen ƙwaƙwalwa mai suna hifokamfus, wanda ke adana sabon abin da aka koya, yana daga cikin sassan da kotizol ya fi taɓawa, haka ma gaban ƙwaƙwalwa da ke kula da tsara al'amura da danne fushi. Wannan ne ya sa mai damuwa ke yawan mantuwa, da kasa yanke shawara, da hasala a kan abin da bai taka kara ya karya ba. A shekarar 1960 likitan ƙwaƙwalwa Raymond Prince ya bayyana wani yanayi da ya gani a tsakanin ɗaliban Najeriya, na zafi da nauyi a ka, da dishi-dishin ido, da kasa riƙe karatu, bayanin da ya nuna tun a wancan lokaci cewa matsin zuciya kan fito ta hanyar ciwon jiki. Barci kuma shi ne inda lamarin ke zagayawa ya ciji kansa, domin damuwa tana hana barci, rashin barci kuma yana ƙara sinadaran damuwa da saurin fushi washegari. Idan aka daɗe a haka, ƙofa takan buɗe ga cutar fargaba, da cutar ƙuncin zuciya mai tsanani wadda likitoci ke kira difireshan.

Yara ma ba su tsira ba. Wani bincike da aka fara wallafawa a Amurka a 1998, wanda ya shafi manya fiye da 17,000, ya gano cewa gwargwadon yawan wahalhalun da mutum ya sha yana yaro, irin su duka mai tsanani da cin zarafi da ganin ana dukan uwa da rabuwar iyaye, gwargwadon ƙaruwar haɗarin ciwon zuciya da shaye-shaye da ƙuncin zuciya bayan ya girma. Abin da ya fi kare yaro daga wannan shi ne samun babba ko da guda ɗaya da yake jin aminci a wajensa.

Wa ta fi yi wa illa

An saba ɗaukar cewa manyan ma'aikata da attajirai ne damuwa ta fi kashewa, amma binciken da aka fara a 1967 a kan ma'aikatan gwamnatin Birtaniya kimanin 18,000 a Landan, wanda aka fi sani da binciken Whitehall, ya nuna akasin haka: cikin shekara 10, yawan mace-mace a tsakanin masinjoji da masu tsaron ƙofa ya kai kusan ninki uku na manyan jami'ai, kuma shan taba da hawan jini da makamantansu sun bayyana wani ɓangare ne kawai na wannan tazara. Zagaye na biyu da Michael Marmot ya jagoranta daga 1985 ya nuna cewa rashin iko a kan aikin da mutum ke yi, wato a ɗora masa nauyi ba tare da ba shi ta cewa ba, yana da alaƙa da ciwon zuciya. Darasin shi ne, ba yawan ɗawainiya kaɗai ke cutarwa ba, abin da ya fi ci shi ne ɗawainiyar da mutum ba shi da iko a kanta, bai san ranar ƙarewarta ba, ba shi kuma da wanda zai kama masa.

Duk wanda ya auna wannan da halin da ake ciki a arewacin Najeriya da kudancin Nijar zai ga inda haɗarin yake. Akwai manomin da bai san ko zai iya zuwa gonarsa ba saboda 'yan bindiga, da iyalan da rikici ya raba da muhallansu, waɗanda a arewa maso gabashin Najeriya kaɗai sun haura miliyan 2, da magidancin da tsadar kaya ta sha kansa tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da uban da ke kwana lissafin kayan ɗaki, da saurayin da lefe ya tsaya wa a wuya, da matar da ke haɗa raino da girki da jinyar tsofaffi ba tare da an taɓa tambayar ta yadda take ji ba. A kan wannan kuma akwai tarbiyyar kunya da kawaici, wadda ke yaba wa mai zurfin ciki, har ana cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Haƙuri hali ne nagari kuma yana rage raɗaɗin abin da ba a iya sauyawa, amma haɗiye magana har ta zama ciwo wani abu ne dabam, tunda jikin wanda ya yi shiru yana ci gaba da sakin sinadaransa ko da fuskarsa ba ta nuna komai ba.

Mafitar da ke ƙara dagula lamari

Mutane da yawa kan nemi sauƙi ta hanyar da ke ƙara musu nauyi. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha wata ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, kuma a watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Tiramol da kodin da wiwi da taba da ƙwayoyin barci da ake saye ba tare da takardar likita ba suna kwantar da hankali na 'yan sa'o'i, sannan su bar ƙwaƙwalwa tana buƙatar ƙari, ga kuɗin da suka ci, ga matsalar tana nan inda aka bar ta. Haka yawan goro da shayi mai kauri da kofi da lemon ƙara kuzari, domin sinadarin kafin da ke cikinsu yana ƙara bugun zuciya, kuma rabin abin da aka sha yana nan a jini bayan kimanin sa'o'i biyar, ta yadda shayin bayan isha'i kan bi mutum har gado.

Hanyoyin rage nauyinta

Hanya ta farko ita ce mayar wa jiki hutunsa, kuma motsa jiki yana daga cikin abubuwan da suka fi samun goyon bayan bincike. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci manya su yi aƙalla minti 150 a mako na motsi matsakaici, wato kimanin minti 30 sau biyar, kuma tafiya da sauri bayan asuba ko da la'asar sakaliya ta wadatar, haka hawan keke ko aikin gona ko zagaya tsakar gida ga matan da ba sa fita. Motsi yana ƙone sugan da damuwa ta zuba a jini, yana sauke hawan jini, yana kuma kawo barci. Barcin da babba ke buƙata sa'o'i bakwai ne ko fiye, kuma ana samunsa ta hanyar kwanciya da tashi a lokaci guda kullum, da ajiye waya kafin a hau gado, da taƙaita ƙailula kada ta wuce rabin sa'a, da rage sauraren labaran tashin hankali da dare.

Numfashi shi ne ɓangaren wannan tsari da mutum ke iya juyawa da gangan. Idan aka zauna aka ja iska ta hanci ana ƙirga huɗu har ciki ya taso, aka sake ta a hankali ana ƙirga shida, aka yi haka na minti biyar zuwa goma, jijiyar fagus takan rage bugun zuciya. Likitan zuciya Herbert Benson na Harvard ya nuna a shekarun 1970 cewa maimaita kalma ko addu'a cikin natsuwa, tare da dawo da hankali duk lokacin da ya tafi, yana sauke bugun zuciya da numfashi, kuma wannan bayani ya yi daidai da abin da masu salla cikin natsuwa da masu zikiri da tilawa suka daɗe da sani. Ibada tana kuma ba da abin da babu wani atisaye da ke bayarwa, wato ma'ana ga jarrabawa da dogaro ga Allah, sai dai tawakkali bai hana neman magani ba.

Hanya ta biyu ita ce dawo da iko, ko da kaɗan ne. Masu ba da shawara kan koyar da mutum ya rubuta abubuwan da ke damunsa, ya ware waɗanda yake iya taɓawa daga waɗanda suka fi ƙarfinsa, ya zaɓi guda ɗaya, ya jera hanyoyin da za a iya bi, ya ɗauki mataki ɗaya a cikin mako. Wanda ake bi bashi, idan ya je ya sami mai kuɗin suka tsara biya kaɗan-kaɗan, ya fi wanda ke sauya hanya kullum samun barci, ko da kuwa adadin bashin bai ragu ba. Haka rage bikin da ya fi ƙarfin aljihu, da shiga adashi, da raba jinyar tsoho tsakanin 'yan'uwa, da iya cewa ba za a iya ba cikin ladabi.

Hanya ta uku ita ce mutane. Wani nazari da Julianne Holt-Lunstad ta jagoranta a 2010, wanda ya tattara bincike 148 da suka shafi mutum fiye da 300,000, ya gano cewa masu ƙaƙƙarfar alaƙa da jama'a sun fi waɗanda ke kaɗaice yiwuwar tsawon rai da kimanin kashi 50 cikin 100. A Zimbabuwe, likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitocin Harare suna sauraren masu damuwa suna taya su warware matsala, kuma gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa bayan wata shida waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba. Al'ummar Hausawa tana da irin wannan jari tun asali, a majalisa da dubiya da barka da ta'aziyya da ziyarar dangi, abin da ya rage shi ne a mayar da su wuraren da mutum zai faɗi abin da ke cinsa ba tare da tsoron gori ko yaɗa sirri ba.

Lokacin zuwa asibiti

Akwai alamun da ba a jira da su. Ciwon ƙirji mai danna mutum, musamman idan ya miƙa zuwa hannu ko muƙamuƙi tare da gumi da sarƙewar numfashi, da karkacewar baki ko mutuwar hannu ko harɗewar harshe farat ɗaya, duk suna buƙatar asibiti nan take. Haka wanda ya yi mako biyu ko fiye cikin ƙunci, ya daina jin daɗin abin da ya saba so, ko mai jegon da ta kasa sakewa da jaririnta, ko wanda ya fara tunanin mutuwa ta fi masa, wannan yana buƙatar likita, kuma bai kamata a bar shi shi kaɗai ba. Awo yana da muhimmanci ko da an tabbata akwai damuwa, saboda ƙarancin jini da ciwon suga da cutar tayirod, wata gaɓa da ke gaban wuya, suna kawo faɗuwar gaba da kasala iri ɗaya. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Kaduna da Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato da Dawanau a Kano, ga sassan da ke asibitocin koyarwa, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta amince da haƙƙin majiyyaci na samun kulawa ba tare da wulaƙanci ba.

Ba duk nauyin ne ke kan mutum ɗaya ba, domin babu atisayen numfashi da zai maye gurbin tsaro da albashi a kan lokaci da aikin da ake mutunta mai yinsa, kuma wannan haƙƙi ne a wuyan hukumomi da masu ɗaukar ma'aikata. Amma abin da ke hannun mai karatu ba kaɗan ba ne: ya auna jininsa da sugansa ko da sau ɗaya a shekara, ya kiyaye barcinsa, ya motsa jikinsa, ya nemi amini guda da zai buɗe wa ciki, kuma idan ya ga ɗan'uwa ya sauya hali ya yi shiru, ya tambaye shi abin da ke damunsa ya saurara har ƙarshe kafin ya ce masa ya yi haƙuri.